Lambar Jeri Ba Ta Buga Ƙwallo: Sharhi Kan Matasan Besbol na Amurka

 Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, fagen wasan besbol, amma za mu wuce manyan filayen da ake haskawa a talabijin, mu gangara ƙananan garuruwa inda samari 'yan shekara 18 zuwa 23 ke kwana a motar safa daga wannan fili zuwa wancan, kowa na jiran ranar da za a kira shi babbar gasa. A farkon kowace shekara, tun sanyi bai saki arewacin ƙasar ba, mujallar Baseball America da shafin MLB Pipeline da wasu irinsu kan fitar da sunayen matasa 100 da suke ganin sun fi nuna alamar zama taurari. Baseball America ta fara wannan tun 1990. Da jerin ya fito sai gardama ta kaure tsakanin magoya baya, wannan na murna ɗan ƙungiyarsa ya zo na 3, wancan na fushi an ajiye nasa a na 40. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa lambar da aka ba yaro a wannan jeri ita ce mafi raunin abin da mai bibiya zai dogara da shi. Abin da ke nuna ko yaro zai kai labari shi ne abin da ya yi bayan ranar da wasan ya fara kayar da shi, kuma wannan sai wanda ya bi shi mako bayan mako yake ganinsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, gundarinsa karawa ce tsakanin mutum biyu. Mai jifa yana tsaye nesa da mai bugu da tazarar da ta ɗan haura mita 18, ya wurgo ƙwallo mai tauri da gudun da kan kai kilomita 150 zuwa 160 a awa, shi kuma mai bugu yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya yanke shawara ko ya kai mata sanda ko ya ƙyale ta. In ya kuskure sau uku an kore shi. In mai jifa ya kauce wa gurbin da doka ta ware sau huɗu, mai bugu ya wuce zangon farko kyauta. In kuwa ya ɗaga ta ta haure katangar fili, ya zagaye zanguna huɗu ya dawo gida da maki. Babbar gasar, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30, ɗaya daga cikinsu a Kanada. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san ƙungiya ce ke hawa rukuni ko ta faɗo. A besbol ƙungiya ba ta motsawa daga inda take, ɗan wasa ne ke hawa ko ya sauko. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, daga Single-A zuwa High-A, zuwa Double-A, zuwa Triple-A wadda take bakin ƙofar babbar gasa. A ƙasan waɗannan kuma akwai sansanonin sababbin shiga a jihohin Arizona da Fulorida, da gasar bazara ta Jamhuriyar Dominika.

Wanda ya gina wannan tsani shi ne Branch Rickey, a shekarun 1920, lokacin yana jagorantar St. Louis Cardinals. Ƙungiyarsa ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da masu arzikin Niyok wajen sayen gwanayen da suka riga suka nuna, sai ya ga gara ya mallaki ƙananan ƙungiyoyi, ya tara yara da yawa da araha, ya tace 'yan kaɗan daga cikinsu. Ya tara su har abin ya kai ga kwamishinan wasan na lokacin, Kenesaw Mountain Landis, ya saki fiye da 70 daga hannunsa a 1938, saboda yana ganin an danne musu hanya. Dabarar dai ta ɗore, kuma lissafinta bai sauya ba har yau. Kowace babbar ƙungiya tana da gurbin 'yan wasa 26 a mafi yawan kakar wasa, jimilla 780 ke nan. Kowacce kuma an yarje mata ta riƙe har 165 a ƙananan matakanta na cikin Amurka, wato kusan 5,000 gaba ɗaya, ban da na Dominika. Sannan a kowane watan Yuli ana zaɓen sababbi zagaye 20, kimanin 600 su shigo. Guraben sama kuwa ba a buɗe suke ba, akwai ƙwararrun da suka shekara 10 a kansu. Duk wanda ya zauna da waɗannan alƙaluma zai gane cewa mafi yawan yaran da ke kan tsanin an ɗauke su ne don 'yan kaɗan su samu abokan karawa.

To, mene ne jerin 100 ɗin yake aunawa? Masu farautar 'yan wasa suna da ma'auni daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Da shi suke ba yaro maki kan iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu. Mai jifa kuma a duba gudun ƙwallonsa, da yadda take lanƙwasa, da iya saita ta. Aiki ne na ƙwarewa, kuma masu yin sa ba 'yan shaci-faɗi ba ne. Sai dai abin da suke aunawa kayan aikin yaro ne a lokacin da bai haɗu da wanda ya fi shi ba. Tarihin zaɓen 'yan wasa, wanda aka fara a 1965, cike yake da shaidar hakan. A 1966 New York Mets ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki Steve Chilcott, ta bar Reggie Jackson wanda aka ɗauka na biyu. Chilcott ya ji rauni a kafaɗa, bai taɓa taka babbar gasa ba. Jackson ya haure katanga sau 563. A 1991 Yankees ta ɗauki Brien Taylor, mai jifa da hagu daga Karolina ta Arewa, ta ba shi dala miliyan 1.55, kuɗin da ba a taɓa ba wani sabon shiga ba. Baseball America ta sa shi na 1 kafin kakar 1992. A Disambar 1993 ya shiga wani faɗa da ya shafi ɗan'uwansa, kafaɗarsa ta lalace, shi ke nan hannun bai koma daidai ba. Mark Appel, zaɓin farko na Houston Astros a 2013, sai da ya bar wasan gaba ɗaya, ya dawo, sannan ya samu jifansa na farko a babbar gasa a 2022 yana da shekara 30.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Mike Piazza mutum na 1,390 ne a zaɓen 1988, a zagaye na 62, kuma Dodgers ta ɗauke shi ne don kara ga kocinta Tommy Lasorda wanda aminin mahaifinsa ne. Ya gama da haure katanga sau 427, ya shiga zauren gwarzayen wasan a 2016. Albert Pujols an ɗauki mutum 401 kafin shi a 1999, ya yi ritaya da 703. José Altuve na Benezuwela, da farko ma masu farautar Astros gida suka mayar da shi saboda gajartarsa, daga baya suka ba shi dala 15,000, kuma a 2017 shi ne gwarzon ɗan wasan rukuninsa a babbar gasa. Kada a ce kuskuren 'yan jarida ne kawai. Ƙungiyoyin da ke kwana da yaran su tashi da su ma suna yin sa. A 2016 Chicago White Sox ta ba da Fernando Tatis ƙarami, yana ɗan shekara 17, don ta karɓi tsohon mai jifa James Shields. A shekarar dai Dodgers ta miƙa wa Astros Yordan Álvarez ɗan Kyuba a musayar wani mai jifa na ƙarshen wasa. Duka yaran biyu sun zama daga cikin masu bugun da aka fi tsoro a zamaninsu. In masu likitoci da kociyoyi da bidiyon kowane atisaye suna sakin irin waɗannan, ina ga mai kallon lamba daga nesa?

Dalilin wannan yana cikin yanayin wasan kansa. Besbol wasa ne da gwani ke faɗuwa fiye da yadda yake cin nasara, domin mai bugun da ke samun bugu mai ci sau 3 a cikin 10 ana lissafa shi cikin fitattu. Yaron da ya taso yana fin kowa a makarantarsa bai san wannan ba tukuna. A ƙananan matakai masu jifa ƙarfi ne da su, saiti babu, don haka mai saurin hannu kan jira ƙwallo miƙaƙƙiya ya yi ta duka. Da ya isa Double-A labari ya sha bamban. A nan yake haɗuwa da mai jifan da zai wurgo masa mai lanƙwasa a lokacin da yake jiran miƙaƙƙiya, wanda kuma ya karanta rahoto a kansa ya san inda sandarsa ba ta kaiwa. Shi ya sa mutanen wasan ke ɗaukar wannan mataki a matsayin matata ta gaskiya. Michael Jordan, wanda duniya ta shaida ƙarfin jikinsa da zuciyarsa a ƙwallon kwando, ya buga kakar 1994 a wannan mataki da Birmingham Barons, ya tashi da bugu mai ci sau 1 kacal a cikin 5. Masu kallon dambe sun san ba a yanke hukunci kan ɗan damben da bai taɓa shan ƙasa ba, sai an ga yadda ya dawo fage a karo na gaba. Haka abin yake a nan. Kowane yaro yana da rami a wasansa, abokan hamayya za su gano shi ko ba jima ko ba daɗe, kuma sana'arsa tana farawa ne daga ranar da aka gano.

A duba manyan sunayen wannan zamani, za a ga kusan kowannensu ya bi ta wannan ƙofa. Mike Trout, wanda ƙungiyoyi suka tsallake har zuwa zaɓi na 25 a 2009, ya shigo babbar gasa a 2011 yana da shekara 19, ya buga wasa 40 ba tare da ya burge kowa ba. Ƙungiyarsa Angels ta fara kakar 2012 da shi a Triple-A, a garin Salt Lake. Da ya dawo a ƙarshen Afrilu sai ya zama wani mutum daban, ya lashe kyautar sabon ɗan wasa na shekara, daga baya ya zama gwarzon rukuninsa sau 3. Aaron Judge ya fi shi shan wuya. A 2016 an kore shi sau 42 a cikin zuwa 84, wato rabi cif. Ya shafe lokacin hutu yana sake fasalin yadda yake kai sanda, a 2017 ya haure katanga sau 52, a 2022 kuma sau 62. Wani misalin shi ne Jackson Holliday na Baltimore Orioles, zaɓin farko na 2022, wanda ya haye matakai huɗu a kaka guda a 2023, kuma manyan jerin suka haɗu a kansa a matsayin na 1. An kira shi a Afrilun 2024, ya samu bugu mai ci 2 a cikin zuwa 34, an kore shi sau 18, aka mayar da shi Triple-A, a garin Norfolk. A waɗancan makonni wasu da suka ɗaga shi sama suka fara cewa an yi zaɓen tumun dare. A lokacin yaron shekararsa 20. Ranar 31 ga Yuli ya dawo, ya haure katanga alhali zanguna uku cike suke da mutanensa. Bugu ɗaya ba ya tabbatar da makomar kowa, kuma har yanzu Holliday yana kan gina tasa. Amma watanni ukun da ya yi a Norfolk su ne ɓangaren labarinsa mafi amfani ga mai son fahimta, kuma su ne aka fi ƙarancin kallo.

Mai bibiya da ke son ganin wannan da idonsa yana da abubuwan da zai riƙe, kuma duk a fili suke, domin sakamakon kowane wasa yana intanet. Shekarun yaro a kan matakinsa sun fi komai magana. Ɗan shekara 19 da ke riƙe kansa tsaka-tsaki a Double-A ya fi ɗan shekara 24 da ke ragargazar yara a Single-A alama nesa ba kusa ba. Daga nan sai a dubi yawan korar da ake masa a kan yawan wucewar kyauta da yake samu, domin nan ne ake gane ko idonsa na bambance ƙwallon da za ta bugu da wadda aka wurgo don a yaudare shi. In watansa na farko a sabon mataki ya munana, a jira na biyu da na uku a ga ko korar ta ragu. Sai kuma fili. Garuruwa irin su Albuquerque, wanda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,600, da Reno da Salt Lake, iskarsu ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, mai lanƙwasa kuma ba ta lanƙwasa sosai. Mai bugu a can yakan yi kama da gwarzo, mai jifa ya yi kama da wanda bai iya ba. A gasar jihar Fulorida akasin haka ake gani. Wanda bai san inda aka buga wasa ba bai san abin da alƙaluman ke faɗa ba.

Wani zai ce, malam, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Zai kawo Ken Griffey ƙarami na 1987, da Chipper Jones na 1990, da Joe Mauer na 2001, da Bryce Harper na 2010, duk zaɓin farko ne kuma duk sun cika alkawari. Zai ƙara da Paul Skenes, wanda Pittsburgh Pirates ta ɗauka na farko a Yulin 2023, ya fara jifa a babbar gasa a Mayun 2024, kafin wata uku shi ne ya buɗe wasan taurari, ya kuma lashe kyautar sabon ɗan wasa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. In aka ɗauki yara goma na saman jeri aka kwatanta da goma na ƙasa, na saman za su fi samar da taurari. Jerin yana da amfani a kan taro. Matsalar ita ce mai goyon baya ba taro yake bi ba, yaro ɗaya yake bi, kuma a kan yaro ɗaya jerin ba ya iya cewa komai fiye da mai yiwuwa ne. Tazarar da ke tsakanin na 30 da na 60 ma sau da yawa ba ta wuce bambancin ra'ayin mutum biyu da suka kalli yaron a ranaku daban-daban ba. Sannan a lura da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarmu. Skenes muna ganinsa kowane kwana biyar, don haka shi muke tunawa. Wanda aka sa kusa da shi a jeri ya ɓace ba ya fitowa a talabijin ya tuna mana da kansa.

Wani kuma zai ce wancan zamanin ido ne da littafin rubutu, yanzu na'ura ta shigo. Gaskiya ne filayen Triple-A suna da kyamarorin da ke auna gudun kowace ƙwallo, da yawan juyawarta, da ƙarfin da ta bar sanda da shi. Ilimin ya ƙaru ƙwarai, kuma ya taimaka wajen gano yaran da da can za a raina saboda ƙirar jikinsu. Amma na'urar tana faɗin abin da yaro ya yi jiya ne. Ba ta san abin da zai yi ba idan aka shafe mako biyu ana jefa masa ƙwallon da ya tsana, yana nesa da gida, wataƙila ma a ƙasar da bai iya harshenta ba. Game da masu jifa kuwa akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. Tun da aka gane cewa gudun ƙwallo ne ke ɗaga darajar yaro, sai yara suka shiga jifa da iyakar ƙarfinsu tun suna sakandare, jijiyar gwiwar hannu kuma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare, kuma tana cin shekara guda zuwa shekara da rabi kafin mutum ya dawo. Ma'aunin da ke kai mai jifa saman jeri shi ne kuma ke matso da shi kusa da ɗakin tiyata.

Akwai mai cewa duk wannan ɗaukar zafi ne, jerin nishaɗi ne kawai, mai goyon bayan ƙungiyar da ke shan kashi ya samu abin sa rai. Ban raina sa rai ba, shi ne gishirin kallon kowane wasa. Sai dai ranar da ake kiran yaro sama ba gwanintarsa kaɗai ke sa ta ba, littafin kuɗin ƙungiya ma yana da baki. Doka ta ce sai ɗan wasa ya cika shekara 6 a babbar gasa kafin ya samu 'yancin sayar da kansa ga wanda ya so, kuma kwana 172 ne ke cika shekara guda. A 2015 Kris Bryant, wanda ya haure katanga sau 43 a ƙananan matakai a kakar da ta gabata, Chicago Cubs ta ajiye shi a ƙaramar ƙungiyarta ta Iowa har 17 ga Afrilu. Ya gama kakar da kwana 171. Kwana ɗaya tak ya ba ƙungiyar ƙarin shekara guda a kansa. Ya kai ƙara, aka yanke hukunci a 2020 bai yi nasara ba. Mai kallon da ya ɗauka duk wanda aka bari a ƙasa bai nuna ba ne, to an yi masa wasa da hankali. Don rage wannan ne yarjejeniyar 2022 ta tanadi cewa ƙungiyar da ta fara kaka da yaron da ke cikin manyan jerin 100, ya kuma lashe kyautar sabon ɗan wasa, za a ba ta ƙarin zaɓi, kamar yadda Seattle Mariners ta samu ta dalilin Julio Rodríguez. Ke nan jerin ya tashi daga hirar magoya baya ya shiga cikin dokar wasan, kuma abin da ya shiga doka da kuɗi ya cancanci a yi masa tambayoyi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne can gindin tsanin. Duk ƙungiyoyi 30 suna da makarantun horo a Jamhuriyar Dominika. Doka ta ce ba a sa hannu da yaro sai ya kai shekara 16, kuma ranar 15 ga Janairu ake buɗe kasuwar. Amma sanannen abu ne cewa ana ƙulla alkawarin baka da yara tun suna 13 ko 14, ta hannun masu horo masu zaman kansu da ke ciyar da su, su kuma yanki kaso mai tsoka daga kuɗin sa hannu. Yaro ya bar makaranta saboda alkawarin da ba a rubuce yake ba, in jikinsa bai girma yadda aka zata ba a janye, ba shi da inda zai kai kuka. An samu masu rage shekaru, an samu yaran da aka ɗura wa magungunan ƙara ƙarfi. A 2022 an tattauna kafa zaɓe na ƙasa da ƙasa, hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka tashi ba su daidaita ba. Wannan duka ya samo asali ne daga imani guda, cewa ana iya ganin tauraro tun yana ƙarami a kuma sa masa farashi. Mai kallon da ke yayata lambar ɗan shekara 16 yana ƙara wa wannan imani ƙarfi, ko ya sani ko bai sani ba.

Sauran dubban da ba sa cikin kowane jeri kuwa, sun daɗe suna riƙe da tsanin a kan albashin da ba ya ciyar da mutum. Kafin 2021 mafi ƙarancin albashi a Single-A dala 290 ne a mako, kuma a watannin kaka kawai ake biya. A 2018 majalisar dokokin Amurka ta cire su daga kariyar dokar mafi ƙarancin albashi. A 2021 aka rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, garuruwa kimanin 40 suka rasa alaƙarsu da babbar gasa. Sauyi ya zo ne da 'yan wasan suka tashi tsaye. A 2022 aka fara ba su masauki, aka sasanta wata tsohuwar ƙara kan dala miliyan 185, suka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago. Yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta ɗaga albashin shekara a Single-A daga dala 11,000 zuwa 26,200, a Triple-A daga 17,500 zuwa 35,800. Mafi ƙarancin albashi a babbar gasa a 2024 dala 740,000 ne. Wannan tazara ce ke sa mutum ya shekara takwas a motar safa yana jiran kiran waya guda.

Ɗaya daga cikin masu irin wannan jira ɗan nahiyarmu ne. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya tashi ne a wani ɗaki na ginin kulob ɗin besbol a Randburg, inda mahaifiyarsa ke aiki. Pirates ta ɗauke shi a 2008. Hannunsa a tsaron fili abin kallo ne, bugunsa kuwa bai taɓa kai na taurari ba, don haka manyan jerin ba su damu da shi ba. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har ranar 26 ga Afrilun 2017, yana da shekara 27, ya shiga wasa da Cubs, ya samu bugu mai ci a zuwansa na farko a gaban mai jifa Jon Lester. Shi ake lissafawa ɗan Afirka na farko a babbar gasa. Wasanninsa a can ba su kai 50 ba, amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufe ba, domin a 2022 Dodgers ta ɗauki matasa biyu daga Yuganda, wasu ƙungiyoyin kuma sun fara leƙo gabashin Afirka. Waɗannan yara za su fara ne daga can ƙasa, kuma da wuya sunansu ya fito cikin 100 na farko.

Don haka, mai sauraro, in Afrilu ya zo aka buɗe kakar ƙananan gasanni, ka zaɓi yaro ɗaya ko biyu, ko da ba su cikin jerin kowa. Ka rubuta shekarunsu da matakinsu da garin da suke wasa. In ka ga an ɗaga ɗaya sama ya fara shan kora, kada ka sake shi, ka ƙara masa wata biyu kana duba ko yana gyarawa. In kuma ka ji ana kururuta ɗan shekara 16 da miliyoyin daloli, ka tambayi shekararsa nawa lokacin da aka fara cinikinsa, da wanda ya karɓi kaso.